Sifana Mai Tsaga Uku

Ranar da muka binne Kawu, kafin ƙarfe tara tsakar gidanmu na Trikania ya cika har bakin titi. Matan zumuntar coci sun jera a benci da tulunansu na kiɗa, maza na ƙarƙashin rumfa, Alhaji mai injin niƙa ya rufe shagonsa ya zo ya zauna cikin dattawan coci. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa gaban Mama, matar Kawu, ya ce, "Sannu da haƙuri, Mama. Baba Saje mutumin kirki ne." Ina tsaye a ƙofar kicin ina jinsu. Wasu a cikinsu da kunnena na sha jin suna cewa tsohon nan ya taɓu, yau kuma ya zama mutumin kirki. Na haɗiye abin da ke bakina, don ba ranar faɗa ba ce.

Fasto ya miƙe zai buɗe da addu'a ke nan sai muka jiyo ƙara daga wajen kogi. Ƙaramin jirgin nan ne mai farfela guda a hanci, wanda sojan sama ke koya wa ɗalibai tuƙi da shi. Fasto ya tsaya da hannu a sama. Masu kiɗa suka rufe bakin tulu da tafin hannu. Duk yawan jama'ar nan ba wanda ya yi ko tari, kowa ya ɗaga kai yana bin jirgin da ido har ya karkata ta kan Kudenda ya ɓace. Wata baƙuwa daga dangin Mama ta raɗa mini, "Lafiya? Me ya faru?" Na ce mata ba komai, haka muke yi a layin nan. A wurin Kawu muka koya, kuma bai taɓa ce wa kowa ya yi ba.

Mutum ɗaya ne bai ɗaga kai ba, shi ne Auta, ƙanena. Yana zaune can gindin mangwaro a ƙofar gida, kusa da babur ɗinsa, yana kallon takalminsa. Shekara shida rabonsa da taka tsakar gidan nan. Ni kuma akwai abin da na ƙulle a gefen zanena, Kawu ya ce in ba shi da hannuna, kuma tun safe nake neman hanyar da ba za ta bi ta gindin mangwaron ba.

Kawu wan mahaifiyarmu ne. Da ta rasu, shi ya je ƙauye ya ɗauko mu, ina da shekara goma sha ɗaya, Auta huɗu. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Mama, mu muka zama 'ya'yan gidan. Makaniken jirgi ne mai muƙamin saje a sojan sama, a rumfar da ake ajiye jiragen koyo can hayin kogi. Kullum da sassafe zai hau kekensa ya haye gada, da yamma ya dawo yana ƙanshin sabulu, don a can yake wanka ya sauya kaya. Rigar aikinsa ba ta zuwa gida.

Mutum ne mai ƙirga abu, har ya ishe ka. In an gama cin abinci sai an jera masa cokula ya gani. A ɗakinsa akwai allon katako da ƙusoshi, kowane ƙarfe da zanen siffarsa da jan fenti a bayansa, yadda in ka cire filaya za ka ga jan hotonta yana kallonka. Ya ce haka yake a wurin aiki, sai dai na can ya fi girma. In jan fenti ɗaya ya nuna, ba jirgin da zai tashi sai an samo ƙarfen. Na taɓa ce masa, "Haba Kawu, saboda ɗan ƙarfe ɗaya?" Ya ce in zauna. Ya ɗauko zaren ɗinkina ya ja shi tsakanin ƙafafun kujera, ya ce haka wayoyi suke a cikin jirgi, daga hannun matuƙi zuwa fikafikai da jela. Sai ya sa cokali ya tokare zaren. "Ja," in ji shi. Na ja, ya ƙi. Ya ce, "Mota in ta yi haka, direba ya gangara gefen titi. A sama ina gefen titi?"

Ƙarfensa kowanne da tsaga uku da ya yi masa da zarto, don kada ya haɗu da na wani. Kuma yana alfahari da cewa shekara ashirin bai taɓa sa ƙarfe a aljihu ba. Daga allo sai hannu, daga hannu sai allo.

Kada a ɗauka mugu ne. Babu keken ɗinki a layinmu da bai taɓa kwance shi ba, kuma in kin kawo masa goron godiya sai ya ce ki kai wa Mama. Injin Alhaji ya taɓa tsayawa ana gobe Sallah, mata sun jeru da robobin tumatir, Kawu ya baro cin abincinsa ya je ya durƙusa a ƙasa har sai da ya tashi. Sai dai ko a can, kafin ya bar shagon, sai da ya sa Alhaji ya ɗaga buhu uku ana neman wasa ɗaya da ta faɗi, 'yar zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti.

Auta tun yana firamare jirgin nan ya shiga ransa. In ya ji ƙarar sai ya fita a guje ba riga. Da ya gama sakandare ya ce shi tuƙi zai koya, suka kwashe wata guda ba sa jituwa. Kawu ya ce ya san abin da ke cikin jirgi, shi ya sa ba ya so. Auta ya ce, "Kawu, ai kai kake gyarawa. Jirgin da ka sa wa hannu me zai same ni a ciki?" Wannan maganar ce ta sa Kawu ya yarda. Da sojan sama suka ɗauki Auta kuwa, Kawu da kansa ya goge masa takalmi, yana yi yana faɗa wai yaran yanzu ba su iya komai ba.

Akwai ranar da kowane ɗalibi yake jira, ranar solo, wato malami ya sauka ya bar ka ka tashi kai kaɗai. Wanda ya yi, abokansa su kwara masa bokitin ruwa, ya zama matuƙi. Wanda bai yi ba kafin a rufe kos, a mayar da shi aikin ƙasa. Auta ya yi rashin sa'a, zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku a tsakiyar kos, 'yan ajinsu suka wuce shi. Ga kayan gyara sun daina zuwa a lokacin, jirage duk suna kwance, guda ɗaya ne ajinsu ke amfani da shi. Malaminsa ya ce masa Juma'a ce rana ta ƙarshe.

Ranar Alhamis da rana Mama ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa. Aka aika wa Kawu. Yana cikin jelar jirgin nan yana ɗaure wani abu saƙon ya same shi, ya fito ya bar wa abokin aikinsa rufe rumfa, ya hau keke da rigar aiki cikin ruwan sama. Mama ta farfaɗo a asibiti, jininta ne ya hau. Da suka dawo gida na karɓi rigar, ta yi kaca-kaca da taɓo. Na kai ta bayan gida wajen duron ruwa, na kakkaɓe ta da ƙarfi, ruwa na dukan kwano kamar ana jifa da tsakuwa. Na wanke na shanya.

Juma'a da safe Mama ta ce ko da rarrafe sai ta ga ɗanta a sama. Auta ya ce mana wajen ƙarfe goma zai biyo kogi ya juya ta kanmu. Aka yanka kaza. Muka fito da kujeru ƙofar gida, maƙwabta suka taru, har Alhaji ya kashe inji don mu ji da kyau. Goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Sama fes, ba ko tsuntsu. Wajen sha biyu mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya kallon Mama. Ita kuma ta riƙe hannuna, tafinta sanyi ƙalau, tana ta cewa, "Da ya faɗo ai da mun ji, ko?"

Da la'asar Kawu ya shigo shi kaɗai. Bai gaishe da kowa ba.

"Wa ya wanke rigata?"

"Ni ce, Kawu."

"Kin ga wani abu a aljihu?"

"A'a."

"Ki tuna. Sifana ce 'yar ƙarama, ba ta fi yatsana ba."

"Ban ga komai ba, Kawu."

Gaskiya na faɗa, Allah ne shaida. Ya laluba rigar, ya duba ɗaki, ya bi tsakar gida da tsintsiya. Sai ya zauna a bakin gado ya ce, "Dama na sani. Ban taɓa sa ƙarfe a aljihu ba. Tana cikin jirgin."

Daga baya muka ji yadda aka yi. Da safe ya buɗe allo ya ga jan fenti. Auta na tsaye da hular tuƙi a hannu, an riga an turo jirgi waje. Aka kawo wa Kawu takardar da makanike ke sa wa hannu kafin a tashi, ya ƙi karɓar biro. Ogansa ya zo ya ce an leƙa ko'ina, ba komai, ya sa hannu. Kawu ya ƙame ya ce, "No sa." Auta ya matso ya ce a hankali, "Kawu, yau ce kawai." Kawu bai ko dube shi ba, ya ce a mayar da jirgi ciki. Kwana uku suna kwance shi, ba a ga sifana ba. Kafin nan an rufe kos, sunan Auta ba ya ciki.

Auta ya zo gida sau ɗaya kwasar kayansa. Kawu na zaune a tsakar gida. Auta ya tsaya a kansa ya ce, "Tun farko ba ka so. Da ka faɗa mini a gida, da ka bari sai a gaban mutane." Kawu ya ce, "Gara ka tsane ni kana tafiya da ƙafarka." Auta ya ɗauki akwatinsa ya fita. Bai daɗe a aikin ƙasa ba ya ajiye kakin, ya shiga wata masana'anta a Kudenda, ya kama ɗaki a Unguwar Boro. Shi kuwa Kawu, da aka haɗa jirgin aka sake kawo masa takarda, ya sake ƙi. Wani ya sa hannu, jirgi ya koma tashi, shi aka ba shi ritaya.

Wata ɗaya bayan haka ruwa ya ɗauke. Na je in gusar da duro in share ƙarƙashinsa. Tana nan kwance a cikin taɓo, ta fara tsatsa. Na goge ta da zane, ga tsaga uku.

Na daɗe a tsugune a wurin. Na ce wa kaina, in na kai masa, zai san a aljihunsa ta zo, zai san ya kashe wa yaron da ya raina rayuwa a banza, kuma wannan zai iya kashe shi. Da haka na lallashi kaina shekara da shekaru. Amma tunda rubutu nake don a tuna da Kawu, ba don a yabe ni ba, bari in faɗi sauran. Tsoro na ji. Ni na kakkaɓe rigar, ni na ce ban ga komai ba, kuma ban ga yadda zan kalli Auta ba. Na naɗe ta a tsumma na tura ƙasan akwatina.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda Kawu zai rayu da ita a sama. Daga ritayarsa, kullum da hantsi zai fito da kujera ƙofar gida. Jiragen kala ɗaya ne, ni ban iya bambanta su, amma shi daga ƙara yake sanin wanda ya ƙi sa wa hannu. In shi ne, ko loma ce a hannunsa sai ta tsaya. "Ga shi nan," zai ce. "Tana ciki, ta laɓe a wani lungu. Wata rana zai karkata, ta gangaro." In ka ce masa ai shekara biyu ke nan yana tashi lafiya, sai ya ce, "Ɗan wani ne a ciki. Yana da uwa."

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne lokacin da ƙarar ke ɗaukewa. Malaman tuƙi kan rage wutar injin da gangan, don su ga abin da ɗalibi zai yi. Kawu ya fi kowa sanin haka, shi ma ya gaya mana. Duk da haka da ƙarar ta ɗauke zai miƙe tsaye, ya dafa bango, ya fara ƙirga a fili. Ɗaya. Biyu. Uku. Jirgin na saukowa shiru kamar shirwa. Mai tallan lemo ta tsaya da faranti a ka, Alhaji ya kashe inji, mata su bar daka. Wani lokaci ya kai ashirin, wani lokaci ya wuce. Sai injin ya yi tari ya kama, layi ya sauke numfashi, Kawu ya koma kujera. Masu ce masa ya taɓu, su ma na sha ganin leɓensu na motsi suna ƙirgawa.

Ya rubuta wasiƙu a sake kwance jirgin, ba amsa. Sau ɗaya ya sa kakinsa na da ya haye gada, aka tsayar da shi a ƙofa cikin ladabi aka ce ya je ya huta. Ya je wurin fasto ya ce a riƙa sa ɗaliban nan a addu'a. A allon ɗakinsa ya buga sabuwar ƙusa, ya zana ƙaramar sifana da jan fenti, ya bar wurin haka ba komai. Duk safiya in na shiga sharar ɗakin, jan hoton nan na kallona. Sau nawa na buɗe akwati na rufe, ban san adadi ba. Kowace shekara abin ya ƙara wuyar faɗa, don yanzu ba sifanar kaɗai zan yi bayani ba, har da shekarun.

Bara da damina ɓarin jikinsa ya shanye. Muka matso da gadonsa kusa da taga, don in bai ji jirgin ba sai ya fi rikicewa. Sau uku Mama ta aika wa Auta. Matarsa ce ke zuwa da madara da sabulu, ta ce yana gaisuwa.

Ranar Talatar ƙarshe, da hantsi, ina ba shi kunu sai ga jirgin. Ya kau da kai daga cokali. Ƙarar ta ɗauke. Ba ya iya miƙewa, ba ya iya ɗaga murya, sai leɓe kawai ke motsi, idonsa a buɗe kamar na wanda ruwa zai ci. Ya kai goma sha biyar gumi na zubo masa. Na ajiye kofin, na tafi ɗakina, na dawo na buɗe hannunsa mai lafiya na sa masa.

Bai duba ba. Babban yatsansa ya bi jikin ƙarfen har ya sami tsagar, ya tsaya a kan kowace ɗaya. A waje injin ya kama, bai ma ji ba.

"A ina?" in ji shi.

"Ƙarƙashin duro, Kawu. Daga rigarka ta faɗo."

"Yaushe?"

Na gaya masa. Na durƙusa a gefen gado ina jiran ya tsine mini, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Ashe ba ta ciki." Ya sake cewa, "Ba ta ciki." Na ga kafaɗarsa ta sauka a kan filo, fuskarsa ta saki yadda ban gan ta ba shekara shida. Ya ce, "A ce musu su tashi."

Sai kuma fuskar ta sauya, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. "Yaron nan," ya ce. "Ni na sauke shi." Ya tura mini sifanar. "Ki ba shi. Da hannunki, 'yar nan, ba aike ba." Washegari da azahar ya cika.

Shi ya sa ranar jana'iza, da aka dawo daga maƙabarta mutane suka koma kan shinkafa, na ja ƙafata zuwa gindin mangwaro. Auta ya ɗago ya ce, "Yaya, sannu da haƙuri." Na kwance gefen zanena na miƙa masa. Ya juya ta a tafinsa, ya ga tsagar.

"A jirgin aka samu?"

"A'a. A gidan nan."

"Shi ya ɓoye ta?"

"Ni ce. Shi bai sani ba sai shekaranjiya. Har ya kwanta ciwo yana zaton ranka ya ceta."

Na faɗa masa duka, duro da ruwan sama da akwati. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙe, ya ratsa tsakar gida ta tsakiyar masu makoki, kowa na binsa da kallo. Ya durƙusa gaban Mama ya daɗe, ta dafa kansa. Sai ya shiga ɗakin Kawu. Daga ƙofa na hango shi ya rataye sifanar a ƙusarta, ta rufe jan fentin daidai. Ya tsaya gaban gadon da ba kowa ya ce, "Kawu, na zo." Da ya fito ya wuce ta gabana, rigarsa har ta goge ni, bai dube ni ba.

Yau kwana arba'in. Auta na zuwa duk Lahadi bayan coci ya gaishe da Mama, ya shiga ɗakin Kawu ya zauna. In na ce masa sannu da zuwa, sai ya amsa wa Mama. Ban ga laifinsa ba. Jirgin na wucewa kamar kullum, kuma 'yan layinmu sun fara barin ɗaga kai, Alhaji ma ya daina kashe inji.

Wanda ya san Baba Saje, kada ya ce mutumin kirki ne kawai ya wuce. Ya ce mutum ne da aka miƙa wa biro sau biyu ya ƙi karɓa, kuma ya shekara shida yana tsaron 'ya'yan mutanen da bai san sunansu ba. Ubangiji ya ba shi hutun da na hana shi. Ni kuma na fito da kujerarsa ƙofar gida, duk Lahadi a kanta nake zama. In na ji babur ɗin Auta ya shawo kwana ya kashe inji, sai in tsinci kaina ina ƙirgawa.